Layi Biyu a Kan Tsinke: Yadda Muke Gwajin Jini

Ɗakin gwaji nake da shi a nan Jos, ɗan ƙarami, ni da ma'aikatana. Ƙananan asibitocin unguwa suna turo mana jini da fitsari, wasu kuma su zo da ƙafarsu. Yawancin aikin da muke yi daga safe zuwa yamma a kan abu guda ya rataya, wato antibodi, sinadarin da garkuwar jiki ke ƙerawa idan baƙon abu ya shigo. Kowane antibodi da abin da yake kamawa, kamar ɗan makulli da kwaɗonsa. A 1975 Georges Köhler da César Milstein suka gano a Ingila yadda za a samar da antibodi iri ɗaya tak mai yawa a ɗakin bincike, har aka ba su lambar Nobel a 1984. Albarkacin wannan aiki ne yau ake samun tsinken gwaji har a kemis ɗin ƙauye.

A ɗauki tsinken maleriya. Za a soki yatsa, a ɗiga jini kaɗan a rami, a bi shi da ɗigon ruwan da ya zo cikin kwalin. Jinin ya riƙa tafiya a jikin siririyar takarda, ya tarar da antibodi da aka lulluɓe da ƙurar zinariya mai launi. In akwai sinadarin HRP2 da ƙwayar maleriya ke fitarwa, sai su riƙe juna, su je su maƙale a layin farko, launi ya bayyana. Ɗaya layin shaida ne cewa tsinken lafiya lau yake. In bai fito ba, kwandon shara ne kawai. Ana karantawa cikin minti 15 zuwa 20. Na hana yarana duba tsinken da ya daɗe a kan tebur, don yakan fito da layin ƙarya.

Akwai babban yayan tsinke, gwajin ELISA, wanda Eva Engvall da Peter Perlmann suka fito da shi a Siwidin a 1971. Faranti ne mai ramuka 96. A zuba ruwan jini, a jira, a wanke, a sake zubawa, a sake wankewa, har ruwan ya yi shuɗi. A tsayar da shi ya koma rawaya, na'ura ta auna ƙarfin launin. Mai ƙiwuyar wanki ba ya samun sakamako na gaskiya. Kayansa kuma sai firji, tsakanin digiri 2 da 8, shi ya sa na sayi sola tun kafin in sayi kujerun baƙi. Sanyin Jos yana taimakonmu, amma ba a watan Maris ba.

Abin da nake so jama'a su gane shi ne gwajin nan kashi biyu ne. Wani yana neman ɓangaren ƙwayar cutar ne kanta, kamar na maleriya da na ciwon hanta nau'in B. Wani kuwa martanin jiki yake nema, kuma jiki ba ya mayar da martani nan take. Wanda ya ɗauki ƙanjamau jiya, tsinke ba zai nuna yau ba. Yakan ɗauki har wata uku. Don haka muke cewa a dawo. In kuma tsinke ya nuna akwai, ba ma buɗe baki sai mun tabbatar da wani tsinke na daban. Rayuwar mutum da aurensa ne a hannunka.

Inda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gwajin Widal, na taifot. Tun 1896 wani likita Bafaranshe, Fernand Widal, ya ƙirƙiro shi. Ana haɗa ruwan jini da matattun ƙwayoyin taifot a kan farin tayil, a juya a hankali, a ga ko zai yi gudaji. To, a ƙasar da mutane da yawa suka taɓa haɗuwa da ƙwayar ta ruwan sha, jinin mai lafiya ma yakan yi gudajin. Maleriya kanta tana iya sa ya nuna. Amma kullum sai ka ji, "Malam, a yi mini maleriya da taifot." Sai in ce, "Hajiya, likita ne ya rubuta?" Sau da yawa babu likita a zancen. Daga wurinmu kemis za ta wuce, ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako guda ba gaira ba dalili, ranar da cutar gaske ta zo maganin ya ƙi ci.

Widal na kawo kuɗi, duk mai wannan sana'a ya sani. Ni dai nakan zaunar da mutum in yi masa bayani cewa abin da ke tabbatar da taifot shi ne a shuka jinin a kwalba a ga ko ƙwayar za ta tsiro, ko da yake ya fi tsada kuma sai an jira kwanaki. Wasu su yarda, wasu su tafi inda ba za a yi musu tambaya ba. Wanda ya nace, ina yi masa, in rubuta a ƙasan takardar da jan biro cewa kada a sha magani da wannan sakamako sai likita ya duba mara lafiyar.