Minti 16 da suka kwanar da mu a gindin dutsen Neuschwanstein

Ƙarfe 12:25 aka rubuta a tikitinmu, mu kuma muka isa farfajiyar fadar Neuschwanstein ta Jamus ƙarfe 12:41. Na ɗora waya a kan na'urar, ƙarfen ƙofa ya ƙi juyawa. Ma'aikacin da ke wurin bai ɗaga murya ba, allo kawai ya nuna mini da yatsa: lambar rukuninmu ta wuce, har an kira wasu rukuni uku a bayanta. Na yi masa bayani da ɗan Turancina, na nuna masa mahaifiyata Hajiya da ke dafe da gwiwa tana haki, na ce tun daga Jidda muka zo. Ya girgiza kai cikin ladabi, ya ce tikitin ya mutu. Mu biyar ne: ni, maiɗakina, mahaifiyata da yara biyu.

Har yau abin na ci mini rai, don takardun da na zaci su ne za su wahalar da ni ba su ba ni matsala ba. Bizar Shengen ta shiga Turai yuro 90 ce ga babba, sai inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin jinya har yuro 30,000, sannan iƙamarka, wato takardar zamanka a Saudiyya, ta kasance da sauran aƙalla wata uku bayan dawowa. Khuruj wa auda, wato izinin fita da dawowa Saudiyya, riyal 200 ce ta fita ɗaya har wata biyu. Wanda ya zauna a Saudiyya ya san wannan hanyar, ba sai na ja ta ba. Lissafin awa uku na safiyar Talata ne ya kayar da ni.

Ga yadda wurin yake. Fadar tana kudancin jihar Bavariya ta Jamus, dab da iyakar Ostiriya. Daga babbar tashar Munich jirgin ƙasa yana ɗaukar kimanin awa biyu zuwa garin Füssen. Daga bakin tashar Füssen ka shiga bas mai lamba 73 ko 78, minti goma ya kai ka ƙauyen Hohenschwangau, inda ofishin tikiti yake. Nan fa gindin dutse ne kawai. Fadar tana can sama, kilomita ɗaya da rabi na hawa, kuma su da kansu minti 40 suke ƙiyasta wa mai tafiya da ƙafa. Ba a shiga sai cikin rukuni, kowane rukuni da lambarsa da mintinsa, duk bayan minti biyar ana kiran wani. Kamar izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk ne, sai dai nan ba wanda za ka ce wa "Allah ya jiƙan mahaifa" ya ɗaga maka igiya.

Kuskurena na farko tikitin jirgi ne. Akwai wanda ake kira Bayern-Ticket, tikiti ɗaya na yini guda da ke ɗaukar har mutum biyar a jiragen cikin jiha, kuma ya haɗa da bas ɗin nan na Füssen. Yana da sauƙi ƙwarai, shi ya sa kowa ke ba da shawararsa. Abin da ban karanta ba shi ne, daga Litinin zuwa Juma'a ba ya fara aiki sai ƙarfe 9:00 na safe. Asabar da Lahadi da ranakun hutun gwamnati ne kawai yake aiki tun tsakar dare. Na tsara mu shiga jirgin kafin takwas, muka tashi yara da sassafe, muna kan dandamali maiɗakina ta karɓi takardar ta duba.

"Abu Usman, wannan 9:00 ɗin da ke jiki fa, na mene ne?"

A nan ya kamata in koma na'ura in sayi tikitin jirgi na yau da kullum, ko nawa ne, mu shiga jirgin da ke tsaye a gabanmu. Sai rowa ta rufe mini ido. Na ƙirga a kai: jirgin bayan tara, awa biyu, bas minti goma, ai da sauran rabin awa. Na ce mu jira mu sha shayi. Garin tsimin 'yan yuro na zubar da ninkinsu ba adadi.

Kuskure na biyu raini ne. Na hau Jabalin Nur ba sau ɗaya ba, har da azumi a bakina, sai na ɗauka titin kwalta mai inuwar itatuwa ba zai gagare mu ba. Ni kam bai gagare ni ba. Amma ban sa gwiwar Hajiya a lissafi ba, ban kuma sa layi ba. A watan Yuli jirgin nan cike yake sauka, duk wanda ya sauka kuma bas ɗaya yake nema, mu sai a na biyu muka samu shiga. Da muka isa ƙauyen sha biyu ta gota, muka tarar da hanyoyi uku na hawa, kowace da tarkonta.

Ƙafa ita ce kaɗai ba ta da layi. Keken doki yana da layi, yana tafiya a hankali, kuma ba ya kai ka ƙofa: a ƙasa da fadar yake sauke ka, sauran hawa na minti biyar zuwa goma naka ne. Bas ɗin dutse shi ma ba ya zuwa ƙofa, yana wuce fadar ne ya sauke ka a sama kusa da gadar Marienbrücke, daga nan ka gangaro da ƙafa minti goma zuwa sha biyar a kan hanya mai gangara sosai. Ba shi da tsayayyen lokacin tashi, Bayern-Ticket ba ya aiki a cikinsa, kuma in ƙanƙara ta sauka da hunturu ba ya hawa sam. Mu bas muka zaɓa saboda Hajiya. Minti ashirin muka yi a layi, ina kallon agogo ina kallon fadar fara tas a saman kaina. Da muka sauka, gangarar ta fi hawa cin gwiwarta. Tana taku tana hutawa, ni kuma ba damar in ce ta yi sauri.

"Kai dai ka wuce da yaran," in ji ta, "ni ai na ga gidan daga waje."

Ban wuce ba. Ko da na wuce ma, da ƙyar in kai.

Kuɗin tikitin shiga ba ya dawowa. Na duba intanet a tsaye a wurin, ba gurbi ko ɗaya na kwanaki masu zuwa, don a lokacin zafi tun makonni ake kamawa. Abin da ya rage shi ne ɗan abin da ofishin ƙasa ke sayarwa na ranar, kuma da safe yake ƙarewa. Saboda haka muka nemi ɗakuna biyu a Füssen a farashin wanda ya zo a matse, alhali otal ɗinmu na Munich yana can a biye da akwatunanmu a ciki. Ba kayan canji, ba cajar waya. Allah ya taimake mu maganin Hajiya yana jakar hannunta. Dawowar da ke cikin tikitin jirginmu ta tafi a banza, washegari sai da na sayi wani. Ƙarfe bakwai da rabi ina bakin ofishin, ana buɗewa ƙarfe takwas, kuma na tarar da mutane a gabana. Na samu na bayan azahar.

Cikin fadar minti 30 ne kacal, ba a ɗaukar hoto, ba a shiga da babbar jakar goyo ko keken jariri. Matakala sun haura 300 in ka haɗa hawa da sauka, a cikin hasumiya mai murɗewa. Akwai lif amma na masu keken guragu ne, kuma sai an nema tun kafin ranar. Ana ba da ƙaramar na'urar saurare, akwai Larabci a ciki, wannan ya yi wa yara da Hajiya daɗi. Sarki Ludwig na Biyu ne ya aza harsashin ginin a 1869, ya mutu a tafkin Starnberg a Yunin 1886 ba a gama ba. Kwanakin da ya kwana a ciki ba su kai wata shida ba, kuma makonni kaɗan bayan mutuwarsa aka buɗe wa masu biyan kuɗi. Ɗakuna kusan goma sha biyar ne kawai aka kammala. Zauren gadon sarauta ya sha zinariya da ginshiƙai, amma gadon kansa babu, ba a kai ga ƙera shi ba. Abin da ya fi burge ni ba zanen bango ba ne: a wancan zamani gidan yana da ruwan famfo a kowane hawa, da bayan gida mai kora ruwa, da bututun iska mai ɗumama ɗakuna, har da wayar tarho. A 2025 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya tare da sauran fadodin sarkin.

Gaskiya, in ba ka damu da tarihi ba, wajen ya fi cikin. Hoton nan da kowa ya sani daga kan gadar ake ɗaukarsa, kuma gadar kyauta ce, ba ta buƙatar tikiti. Tana rataye kimanin mita 90 a kan kwazazzabon Pöllat, katakon yana ɗan motsi in mutane sun cika, maiɗakina taku biyar ta yi ta juyo. Ka je mata bayan ka fito daga fadar, kada ka fara da ita, don ita ma akan yi mata layi, kuma layin ne zai cinye mintin da kake taƙama da shi.

Da zan sake, daga ƙofa zan fara ƙirge in dawo baya. In kasance a farfajiya minti 15 kafin lambata. In ware awa ɗaya cur na hawa, awa ɗaya da rabi in akwai dattijo ko ƙaramin yaro. Rabin awa tsakanin tashar Füssen da ƙauyen, saboda bas na farko ba lallai ya ɗauke ka ba. Awa biyu na jirgi, da rarar awa ɗaya ko da an samu jinkiri. In ranar aiki ce kuma da Bayern-Ticket za ka zo daga Munich, kada ka kama lokacin shiga fadar kafin ƙarfe biyu na rana. Mafi kwanciyar hankali ka kwana a Füssen da niyya, ba irin kwanan da muka yi ba, ka kama na safe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso.

Ka riƙe tsabar kuɗi da sulalla don bas, keken doki da bayan gida. Ka sa gorar ruwa a jaka, babu buta babu tiyo. Rigar ruwa ma dole ce, don a Yuli sama takan rufe cikin minti goma, sanyin kuma ya fi na Ɗa'if da asuba. Masallaci babu a kan dutsen. Mun haɗa azahar da la'asar ƙasaru a kan ciyawa a bakin tafkin Alpsee, ƙarƙashin tsohuwar fada mai ruwan ɗorawa inda Ludwig ya girma. Magariba ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, saboda haka akwai sarari. Abinci kuwa ka tambaya kafin ka ci, naman alade ya yi yawa a yankin. Mu kifi da dankali muka yi ta ci, sai dabinon da Hajiya ta ƙi bari a Munich duk da na ce nauyi ne.

A rana ta biyu keken doki muka sa ta, ni da Usman muka bi da ƙafa muka riga dawakin isa. Tun saura minti 50 muna zaune a kan benci a farfajiya, ina kallon allon lambobi kamar mai jiran sakamakon asibiti. Hajiya ta ciro dabino ta miƙa wa ma'aikacin nan na jiya. Ya karɓi ɗaya.