Kawu ya shinshina hayaƙin Tsohuwa

Asabar, sha ɗaya da rabi na dare.

Sau uku na wanke hannuna, har yanzu warin dizal yake yi. Uwargida ta ce in koma gareji in kwana tunda can ne gidana na ainihi. Ban tanka ba. Ba maganarta ce ta hana ni barci ba, murfin baƙin mai ne, amma bari in ɗauko daga safe.

Kun dai san yau mako biyu ke nan Tsohuwa, motata mai shan dizal, tana wahalar da ni. Da safe sai na riƙe kik har hannu ya gaji kafin ta kama, in ta kama ta cika tsakar gida da farin hayaƙi, tana kakkarwa kamar mai zazzaɓi, bayan minti ɗaya ta ware kamar ba ita ba. In kuma na ɗora mata kaya na nufi hawa, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe na bayana, fitilar injin ta kama, ƙarfi ya ɗauke. Na'urar da nake jonawa ta ba ni lamba P0087, wato matsin mai a rel, bututun da ke raba wa nozul mai, ya yi ƙasa. Ni kuwa tun daren Laraba na yanke hukunci: nozul ne, masu fesa mai cikin silinda, duka huɗun, in ba a yi sa'a ba har da babban famfo. Na ma rubuta jerin kayan a waya.

Ƙarfe bakwai Kawu ya iso. Sharaɗinsa ɗaya tun jiya, kada kowa ya taɓa makulli kafin ya zo, yana so ya same ta da sanyinta. Na miƙa masa na'urar, ya ture ta da bayan hannu.

"Tayar da ita tukuna, ɗana."

Ya zagaya baya ya tsuguna daidai bakin salansa. Da ta kama, hayaƙin ya lulluɓe shi, ni ina cewa Kawu matsa, shi kuwa ya sa tafin hannu a ciki, ya ciro, ya murza yatsu, ya kai hanci. Idanunsa har sun kawo ruwa.

"Ka ji yadda yake yaji a ido? Ɗanyen mai ne wannan, wanda ya shiga bai ƙone ba. Da ruwan lagireto ne, da ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma da yanzu tankin ruwanka ya ragu. Ya ragu?"

Bai ragu ba. Na ce to ai shi ya sa nake cewa nozul ne, suna ɗiga cikin dare.

"Me na'urarka ta ce a kan nozul ɗin?"

A nan ne kunya ta fara kama ni. Injin Tsohuwa, wanda ake kira 1KD, yana nuna gyaran da kwamfutar mota take yi wa kowane silinda a sulo, don su daidaita. Muddin lambar ba ta wuce 3 sama ko ƙasa ba, ana ɗaukarta lafiya. Nawa mafi muni 1.1 ne. Na gani tun ranar farko, na kawar da kai, saboda zuciyata ta riga ta kama nozul da laifi. Kawu bai ce komai ba, ya dai dube ni irin kallon da yake min tun ina firamare.

Ya sa aka kashe ta, muka bar ta kamar minti arba'in. Auta ya gaji da jira ya gudu wajen ƙwallo. Sannan Kawu ya ɗora babban yatsa a kan famfon hannu da ke saman gidan filta, ya danna. Laushi kamar fanke. Sai da ya danna sau goma sha huɗu kafin ya yi tauri.

"Man yana komawa tanki, iska tana maye gurbinsa. Wa ya ɗora wannan filtar ta biyu?"

Ni ne. Da hannuna, bara, har na yi ta taƙama da ita a nan: mai tace ƙura har zuwa maikiron 2, kariya ga nozul. Na ce Kawu, duba ƙasa, ko ɗigo ɗaya babu, a bushe take ƙayau.

"Ina zai ɗiga? Wannan motar ba ta da famfo a cikin tanki da zai turo mai. Babban famfon ne yake zuƙo shi tun daga baya. Layin da ake zuƙa, in ya sami kafa, ba mai ne zai fita ba, iska ce za ta shiga. Ka taɓa shan abu da tsinken roba mai huda?"

Ya ciro guntun tiyo mai garai-garai daga aljihun rigarsa, ya haɗa tsakanin filtar da famfo. Na tayar. Ga kumfa nan suna bin juna a jere, ƙanana a sulo, da na taka totur suka zama kamar carbi. Muka bi layin gaɓa-gaɓa har muka isa inda na ɗora tiyo mai milimita 10 a kan baki mai milimita 8, na matse da kilif na ce ai ya kama. Ga filtar kanta tun da na sa ban canza ta ba, ta toshe, famfon yana ƙara zuƙa da ƙarfi, kafar tana ƙara shan iska. A hawa, lokacin da rel ke neman matsi sama da ba 1,000 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), abin da yake isa famfon rabi mai ne rabi kumfa. Ga P0087 ɗina. Gyaran gangar auzinawa, kuma ni ne mai gangar ni ne mai gyaran.

Abu ɗaya ya daka min tsawa a kai. Na ɗauko sifana zan sassauta bututun nozul ɗaya injin yana aiki, wai in fitar da iska kamar yadda ake yi wa tsofaffin injina. Ya fizge hannuna. A wannan irin injin, ko a sulo matsin ya haura ba 300, siririn feshinsa yana huda fata ya shige nama. Na ajiye sifanar salin-alin.

Sabon tiyo daidai baki, sabuwar filta, kumfa suka ɓace. Sha ɗaya saura.

Na ɗauka an gama. Kawu ya ce saura baƙin, wai shi ba ɗan uwan farin ba ne ko kaɗan, uwa daban uba daban. Farin, mai ne da bai kama wuta ba. Baƙin, mai ne da ya kama wuta bai sami isasshiyar iska ba sai ya zama kunkunniya. A lissafi kilo ɗaya na dizal yana buƙatar iska kusan kilo 14 da rabi, amma injin dizal ba ya jiran a sauko nan, tun da sauran rata yake fara baƙi. To ko dai man ya yi yawa, ko iskar ta yi kaɗan. A wajena, in ji shi, da alama duka biyun ne.

Muka toshe bakin turbo, muka hura iska cikin layin da kwamfureso a hankali, ya bi kowace gaɓa da ruwan sabulu. A ƙarƙashin tiyon da ke fita daga babbar intakular da na ɗora, mai sanyaya iskar turbo, ta inda ido ba ya kaiwa, sabulun ya tashi ɓul-ɓul. Tsaga ce kamar tsawon ɗan yatsa, gefenta duk maiƙo. A sulo a rufe take, sai turbo ta cika ta buɗe baki. Shi ya sa agogon bus ɗina, mai auna matsin iskar turbo, da ya saba kaiwa ba 1.4 kwanan nan yake tsayawa a 0.9, ni kuma ina zargin agogon.

Sai ya hango ƙaramin akwatin nan da ke manne kusa da batir. Na yi masa bayani da zumuɗi: yana shiga tsakanin sensar rel da kwamfuta, ya rage lambar da sensar ta aika, kwamfuta ta ɗauka matsin bai isa ba, ta umarci famfo ya ƙara. Ƙarin matsi, ƙarin mai, ƙarin ƙarfi.

"Wato maƙaryaci ka saya, ka ba shi ɗaki tsakanin mutum biyu da suke zaman lafiya."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ya cire shi ya miƙo min.

Gwajin yamma kam sai godiya. Kik ɗaya. Hawan nan da take saba zubar min da mutunci ta haye shi a giya huɗu, madubi fes, babu fitila. Ƙarfin ya ɗan ragu babu akwatin, amma sautinta ya dawo irin na da. Na riƙa dukan sitiyari ina waƙa, Kawu yana ta girgiza kai. Jerin kayan da ke wayata na goge shi a zuciya tun kafin mu juyo.

A hanyar dawowa ne ya nuna agogon zafin hayaƙi da ke jikin gilashi.

"Lokacin da take baƙin nan, nawa kake gani?"

Na ce bai taɓa wuce 640 ba, kuma masu wannan harka suna sa iyakarsu wajen digiri 700, saboda haka hankalina kwance yake.

"Ina ka soka tsinken ma'aunin? Gaban turbo ko bayanta?"

Baya. A bututun da ke sauka, saboda can ya fi sauƙin hudawa.

Ya yi shiru har muka wuce kwana biyu ta hanya. Sannan ya ce hayaƙi in ya ratsa turbo ya riga ya zubar da zafinsa da yawa, digiri 100 ko fiye in ana kan kaya. Iyakar da nake faɗa ta gaban turbo ce. In haɗa lissafin da kaina. Na haɗa. Mako biyu ina hawa da kaya, mai ya yi yawa, iska tana zurarewa, fistin kuwa na alminiyam ne, ina kallon agogo yana min murmushi.

Da muka tsaya bai bari na kashe ta ba. Ya buɗe bonet, ya kwance murfin baƙin mai, ya ɗora shi a bakin ramin ba tare da ya murɗa ba. Muka zuba masa ido. In iskar ƙonewa tana tsallake ringi ko fistin ya tsage, murfin zai yi ta tsalle har ya faɗo. Bai faɗo ba. Amma bai zauna lafiya ba, yana ɗan rawa, tak-tak-tak, wani siririn tururi yana fita ta gefensa. Na ce Kawu, wannan fa? Ya ce injin da ya ci irin wannan tafiyar dole ya ɗan yi numfashi. Na ce to lafiya ke nan? Ya mayar da murfin, ya goge hannu, ya ce ranar Litinin in cire hita huɗun nan masu ɗumama silinda kafin ya zo, za mu auna matsin kowane silinda. Sai ya tambaye ni jikin Hajiya, wai ƙafar ta yi sauƙi?

Na san Kawu. In abu ba komai ba ne, zagina yake yi. Yau da zai tafi har kafaɗata ya dafa.

Bayan ya wuce na koma na sake tayar da ita, na bar ta a sulo minti goma, na taka totur sau ɗaya ina leƙen baya da tocilan. Wani abu ya fito, ɗan kaɗan. Auta ya ce toka-toka ne. Ni shuɗi na gani. Na sake takawa, babu komai. Shuɗi baƙin mai ne, yana iya zama sil ɗin turbo, yana iya zama ragowar maiƙon da ya taru a intakula, yana iya zama abin da ba na so in rubuta.

Ban biya kuɗin makarantar Auta ba tukuna. Tayar gaba ta hagu ma tana cin gefe.

Akwatin yana nan kan tebur kusa da wayata, da wayoyinsa a naɗe. Ɗazu na ɗauke shi zan jefa a kwandon shara, na tsaya ina juya shi a hannu, na tuna yadda take fizga a giya uku in yana ciki, na mayar da shi inda yake. Soket mai lamba 12 da zan kwance hitar da shi ma ban san inda na ajiye ba, gobe sai na zazzage akwatin kayan aiki.