Tarihin Rayuwata a Teku, Kashi na 6: Zaɓen Makarantar Aikin Jirgin Ruwa

Assalamu alaikum. Labarinmu ya iso gaɓar zaɓen makaranta, kuma a wannan makon zan jingine nawa labarin gefe guda, domin matashin da ke shirin bin wannan hanya ya fi bukatar sanin yadda tsarin yake kafin iyayensa su zuba kuɗi. A wannan gaɓa ce mutane da yawa ke yin asarar shekaru uku ko huɗu, alhali suna da ƙoƙari kuma suna da lafiya.

Difloma ko digirin da makaranta za ta ba ka shaidar karatu ce kawai. Takardar da kamfani ke nema kafin ya damƙa maka gadin jirgi, wato zangon lura da tafiyarsa ko da injinsa, ita ce takardar shaidar ƙwarewa, wadda ma'aikatan teku ke kira CoC. Hukumar sufurin ruwa ta ƙasa ce ke bayar da ita, bayan ka cika watanninka a teku kuma ka ci jarrabawarta. Saboda haka duk makarantar da za ka duba, ka auna ta da tambaya guda: za ta kai ni ga wannan takarda, kuma cikin shekara nawa?

Dokar da ta tsara wannan duka ita ce yarjejeniyar STCW ta horar da ma'aikatan teku da ba su takardu, wadda Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya, IMO, mai hedikwata a Landan, ta amince da ita a 1978. An yi mata babban garambawul a 1995, aka sake yi a Manila a 2010. A nan ne masu talla ke ruɗa mutane. Za ka ga makaranta ta rubuta a allonta cewa IMO ta amince da ita. IMO ba ta tantance makarantu ɗaya bayan ɗaya. Abin da take da shi jerin ƙasashe ne da aka tabbatar suna aiwatar da yarjejeniyar yadda ya kamata, ita kuma kowace ƙasa hukumarta ce ke amincewa da kwasa-kwasan makarantun da ke cikinta. To, ka fara da duba ko ƙasar da makarantar take tana cikin wannan jeri. Sannan ka nemi sunan makarantar a wurin hukumar ƙasar, kuma ka tabbatar ainihin kwas ɗin da za ka yi ne aka amince da shi. Makaranta na iya samun izinin koyar da kwas ɗin kashe gobara na kwana uku, ta riƙa nuna wannan takardar tana ɗaukar ɗalibai karatun jami'i na shekara uku wanda babu wanda ya ba ta izininsa.

Kafin ma ka sayi fom, ka je wurin likitan da hukumar ta amince da shi. Wannan shawara ita na fi so a riƙe. Mai gadin ɗakin tuƙi da dare da fitilu yake karanta teku: ja a gefen hagun jirgi, kore a gefen dama, fari a saman turke da kuma baya. Idan ka hango ja da kore tare, jirgi ne ya doso ka kai tsaye. Wanda idonsa ba ya bambanta ja da kore ba zai taɓa samun takardar tuƙi ba, kuma galibi da wannan matsala ake haihuwar mutum, ba ta da magani, da yawa kuma ba su san suna da ita ba sai ranar gwaji. Ana gwadawa da littafin Ishihara, mai lambobi ɓoye cikin ɗige-ɗige masu launi, wasu ƙasashen kuma su ƙara da gwajin fitila a ɗaki mai duhu. Ƙarfin gani ma yana da ma'auni: 0.5 a kowane ido ga masu tuƙi, 0.4 da idanu biyu a haɗe ga injiniyoyi, kuma an yarda a kai wannan ma'aunin da tabarau. Ana duba ji, hawan jini, ciwon suga da farfaɗiya. Takardar lafiyar ba ta wuce shekara biyu, ga wanda bai kai 18 ba kuwa shekara ɗaya. Makarantar da ta karɓi kuɗinka ba ta nemi wannan takarda ba ta riga ta nuna maka cewa ba ta damu da ko za ka hau jirgi ba.

Sakamakon likita shi zai taimaka maka ka zaɓi layi. Akwai ɓangaren tuƙi, inda ake tashi daga kadet, wato ɗalibi mai koyon aiki a jirgi, zuwa jami'i na uku, na biyu, babban jami'i, har kyaftin. Akwai ɓangaren inji, wanda ƙololuwarsa babban injiniya ne. Akwai kuma jami'in lantarki, ETO, wanda gyaran Manila ya ba shi takarda tasa ta kansa. A ganina matasa na yin rububin tuƙi fiye da kima. Injiniyan jirgi da ya iya injin dizal, janareto, tukunyar tururi da famfuna yana da aiki a tashar wuta ko masana'anta ranar da ya gaji da teku, shi kuwa jami'in tuƙi ƙofofinsa a tudu ba su kai haka yawa ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: watannin teku. Doka ta II/1 ta yarjejeniyar STCW ta ce mai son zama jami'in gadi a jirgin da girmansa ya kai 500 a ma'aunin girman jirgi da ake kira GT sai ya kai shekara 18, ya yi aƙalla wata 12 a teku cikin tsarin horo da aka amince da shi, wata shida daga ciki yana tsayawa gadi a ɗakin tuƙi ƙarƙashin kulawar kyaftin ko ƙwararren jami'i. Idan ba cikin irin wannan tsari ya yi ba, wata 36 ake nema. Dubi tazarar da ke tsakanin 12 da 36, shekara biyu ce cur ta rayuwarka, kuma amincewar da aka yi wa kwas ɗin makarantarka ce ke raba su. Ga injiniya, doka ta III/1 ta shafi jirgin da ƙarfin injinsa ya kai kilowat 750, tana neman wata 12 na koyon aikin hannu a wurin gyaran inji da na teku a haɗe, wata shida daga ciki a gadin ɗakin inji.

Makarantu sun kasu a nan. Wasu kamfanin jiragen ruwa ne ke ɗaukar nauyin ɗalibi tun daga ranar farko, karatu ya riƙa tafiya zango a aji, zango a jirgi, kamar yadda ake yi a makarantun Birtaniya irin su Warsash. Wasu na da jirgin horo nasu, kamar makarantar ƙasashen Larabawa da ke Iskandariyya a Masar, wadda aka kafa a 1972. Wasu kuwa su koyar da kai a aji, su yi maka bikin yaye, su sallame ka ka je ka nemo jirgi da kanka. Irin na ukun nan su suka fi yawa, kuma a ƙofarsu ne ake tara matasa masu difloma da fararen kaya a jaka, shekara na bin shekara babu jirgi. Dalilin a fili yake. Kadet ɗalibi ne, kamfani zai ba shi ɗaki da abinci da inshora da kuɗin jirgin sama, kuma jirgi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da ɗaya ko biyu a mafi yawan lokuta. Makarantar da ke yaye ɗaruruwa a shekara ba tare da yarjejeniya da kamfanoni ba ta san sarai guraben ba za su isa ba.

Don haka idan ka je ganin makaranta, kada faretin safe da kakin ɗalibai su ɗauke maka hankali. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ka tambayi magatakarda: cikin waɗanda kuka yaye shekara uku da suka wuce, nawa suka hau jirgi, nawa ke riƙe da CoC a yau? Ka nemi sunayen kamfanonin da jiragen. Kowane babban jirgin kasuwanci yana da lambar IMO mai alƙaluma bakwai da ba ta canzawa ko an sayar da shi an sake masa suna, kuma a shafin Equasis kana iya duba girmansa da tutarsa da mai shi kyauta. Wannan dubawar na da amfani, domin ba kowane jirgi ne kwanakinsa ke kai ka inda kake so ba. Wanda ya yi horonsa a ƙaramin jirgin ja a cikin tasha yana iya ƙarewa da takarda mai iyaka, ta bakin gaɓa kawai ko ta ƙananan jirage, alhali burinsa takarda marar iyaka ce da ke shiga kowane teku. Ka kuma nemi tsofaffin ɗalibai da kanka, ban da waɗanda makarantar ta zaɓo maka.

Ka roƙa a nuna maka littafin horo da ake ba kadet. Littafi ne mai kauri, kowane shafi da jerin ayyuka da gurbin sa hannu: ɗaure jirgi a tasha, sakin anka, gyara taswira, auna ruwan tankuna, saukar da kwalekwalen ceto. Jami'in da ya ga ka yi aikin shi ke rubuta kwanan wata ya sa hannu, kyaftin ya riƙa dubawa lokaci zuwa lokaci. Ranar jarrabawar baka, mai jarrabawa zai buɗe shafin da ya ga dama, ya ɗora yatsa a kan layi guda ya ce ka bayyana yadda ka yi. Wanda aka cike wa littafi a dare ɗaya kafin ya sauka daga jirgi, a nan asirinsa ke tonuwa. Makarantar kirki tana bibiyar littafin tun ɗalibi yana teku.

Kayan aiki kuma ka gan su da idonka, a kunne. Na'urar kwaikwayon tuƙi mai rada da taswirar lantarki ta ECDIS, ɗakin rediyo na GMDSS, tsarin kiran neman agaji a teku, na'urar kwaikwayon ɗakin inji, da wurin bita mai injin da ɗalibai ke kwancewa su ɗaure, da wurin walda. Ka tambayi ɗalibi awa nawa hannunsa ya taɓa na'urar a zangon da ya wuce, domin na'ura ɗaya ga mutum sittin kallo ne kawai. Kwasa-kwasan tsira guda huɗu wajibi ne kafin a taka jirgi: tsira a ruwa, kashe gobara, agajin farko, da kiyaye kai da zama da abokan aiki. Na farko sai an yi tsalle cikin ruwa da rigar ceto an juyo da kwalekwalen roba da ya kife, na biyu sai an shiga ɗaki mai hayaƙi da tukunyar iska a baya. Inda ake bayar da waɗannan takardu a aji kawai, ka guje shi, ranka ne a ciki. Malaman tuƙi da na inji su kasance sun riƙe manyan takardu sun yi aiki a teku. Turanci ma a koyar da shi da gaske, har da jimlolin sadarwa da IMO ta tsara a 2001, saboda a jirgi ɗaya kana iya zama da mutanen ƙasa biyar.

Saura batun tuta. Jirgi dokar ƙasar da ya yi rajista yake bi, kuma Laberiya, Panama da Tsibiran Marshall su ke kan gaba a rajistar manyan jirage. Doka ta I/10 ta ce kafin ka yi aikin jami'i ƙarƙashin tutar da ba ta ƙasar da ta ba ka takarda ba, sai wannan tutar ta amince da takardarka a rubuce, kuma hakan na yiwuwa ne idan akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu. Tarayyar Turai tana tura hukumarta ta kiyaye haɗurra a teku, EMSA, ta binciki makarantu da hukumomin ƙasashen waje kafin ta amince. Ko Filifin, wadda ke cikin manyan masu samar da ma'aikatan teku a duniya, ta daɗe cikin fargabar rasa wannan amincewa, sai a 2023 aka tabbatar mata da ci gaba. Ka binciki tutoci nawa ne ke karɓar takardar ƙasar da za ka yi karatu.

Kada girman suna ya ruɗe ka. Jami'ar da IMO ta kafa a Malmo ta ƙasar Suwidin a 1983 ta karatun gaba da digiri ce, ba ta horar da kadet. Haka digirin harkar tashoshi ko na kasuwancin sufuri karatu ne mai kyau, amma na aikin tudu ne.

Wajen lissafin kuɗi, ka sa a rubuta maka abin da kuɗin makaranta ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba: gajerun kwasa-kwasai, kaki, littafin ma'aikacin teku, kuɗin jarrabawar hukuma. Idan kamfani ne zai ɗauki nauyinka, ka karanta shekara nawa za ka yi masa aiki da abin da za ka biya in ka fasa. Duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka jirgi ya saɓa wa yarjejeniyar ƙwadagon teku ta MLC ta 2006, wadda ta hana a karɓi kuɗin samar da aiki daga hannun ma'aikaci. Abin da aka yarda ka biya shi ne takardar lafiya, littafin ma'aikacin teku da fasfo, biza kuwa a kan mai jirgi take.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari daga ranar shiga makaranta da abin da zangon farko ya ƙunsa.