Matar da ta yi gyangyaɗi a taronmu

Da na fara jagorantar wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta da ke tallafa wa mata, na ɗauka aikina wayar da kai ne kawai. In tara mata, in yi musu bayanin haƙƙinsu, in rubuta yawan mahalarta a rahoton masu ba da tallafi. Da yawan kujerun da suka cika nake auna nasara.

Wata rana na hango wata dattijuwa tana gyangyaɗi a layin baya. Raina ya ɗan sosu. Da aka tashi na ce mata, "Mama, ko bayanin bai gamsar da ke ba ne?" Ta ce, "'Yar nan, rabona da barcin kirki tun da mijina ya kwanta ciwo." Ita ke jinya, ita ke kula da jikoki, kuma duk da haka ta riga kowa zuwa.

Na sha faɗa a taro cewa rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ke yin kusan kashi uku cikin huɗu na hidimar gida da jinyar da ba a biya. Sai ranar na ga abin da adadin yake nufi a fuskar mutum. Kundin tsarin mulkin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 1948, ya ɗauki lafiya a matsayin walwalar jiki da ta ƙwaƙwalwa da ta zamantakewa baki ɗaya, ba rashin ciwo kaɗai ba. Mu kuwa mun raba su: haƙƙi a ajandarmu, lafiya a asibiti.

Muka rage tsawon taro, muka samo masu riƙe yara, muka gayyato ma'aikaciyar jinya tana auna hawan jini. Kafin komai mukan tambayi kowacce yadda ta kwana, kuma mu saurari amsar har ƙarshe. A irin wannan zama ne mata suka fara buɗe baki kan duka da cin zarafi, abin da lacca ta kasa fito da shi shekara biyu.

Na makara wajen yi wa ma'aikatana wannan tambaya. Sai da biyu suka ajiye aiki saboda gajiya da nauyin labaran da suke ji kullum. Yanzu wayar gaggawa karɓa-karɓa muke riƙe ta, mako-mako, kuma wadda ta sauka tana da hutun kwana biyu da ba wanda zai kira ta.