Ranar da muka je gode wa tsohon sojan Boma

Duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja, a saki tantabaru, a ce an tuna da mazan jiya. Wata shekara mu samarin unguwa a Zariya muka ce bari mu gode wa namu ido da ido, tunda muna da dattijon da ya yi yaƙin Boma, wato faɗan da aka yi da Japanawa a ƙasar Boma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Muka haɗa kuɗi muka sayi goro da sabulu da yadin shadda.

A zaure muka same shi, kan buzu. Na durƙusa na ce, "Baba, mun zo godiya ne kan hidimar da kuka yi wa ƙasa." Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Wace ƙasa?" Lokacin da aka tafi da shi tutar Ingila ce a sama.

Ashe ba shi ya kai kansa ba. Bature ya nemi mutane wurin sarki, sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya ɗora wa dagaci, dagaci kuwa ba ɗansa zai bayar ba. Marasa gata aka tsinto. Wasu samarin, in ji shi, cikin gonar dawa suka riƙa kwana har masu nema suka wuce. Akwai kuma waɗanda suka je da ƙafarsu don albashi da kaki, bai ɓoye wannan ba.

Daga barikin horo aka zuba su a jirgin ƙasa zuwa Ikko, sai jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943, cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma. A 1944 suna kwarin Kaladan a ƙasar Boma, inda mota ba ta shiga. Jirgin sama ke jefo abinci, su kuma su ɗauki akwatunan harsashi a ka. Da Hausa ake ba da oda, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta. Ni da na taso ina jin sunan barikin Chindit a Zariya, ranar na ji cewa sunan mayaƙan dajin Boma ne.

Wani yaronmu ya tambaye shi Japanawa nawa ya kashe. Baba ya yi shiru, ya kama jan carbi. Tambayar nan ba a yin ta. Da muka koma kan abinci da ruwan sama sai baki ya buɗe: daminar da ba ta ɗaukewa, matsattsaku a ƙafa, zazzaɓi, da albashin da bai kai na farar fata ba. Ya nannaɗe wando ya nuna mana tabo a ƙwaurinsa. Ya lissafa abokansa da aka binne can, kowa da sunan garinsu. Abin da ya fi so ke nan, a zauna a ji sunayen.

Da za mu tafi, surukarsa ta biyo mu soro ta ce shaddar ta yi kyau, amma idonsa ne ke damunsa. Mako na gaba muka kai shi asibiti.