Gwiwa kika nema wa gida

Daren Talata, Alƙahira.

Hajiya ta yi barci tun bayan sallar isha'i, ni kuwa ina zaune a bakin gado da mabuɗin sabon masauki a hannuna, ina ta jujjuya wata magana da ta faɗa mini da magariba, wadda kalma biyar ce kacal. Niyyata da safe ita ce in rubuta muku cewa an dace, an samu wurin zama, a taya mu godiya ga Allah. An kuwa samu, na ma biya kuɗi, sai dai farin cikin da na shigo da shi ɗakin nan bai kai ga sallar isha'i ba.

Jiya likita ya tsayar da magana a kan cewa za a yi wa Hajiya aikin gwiwa ranar Lahadi, wadda ita ce farkon makon aiki a nan, tunda Juma'a da Asabar suke hutu. Bayan aikin kuma akwai makonni shida na gashin ƙashi, sau uku a kowane mako. Da jin haka na san zaman otal ya ƙare mana. Kwana huɗu ke nan Hajiya tana fama da gurasa da wake da safe, gurasa da wake da dare, alhali jakar da muka ɗauko daga Kano tana jingine a bayan ƙofa da garin tuwo da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da man shanu, ba dama a kunna ko ƙaramin risho. Wanki ma sai an ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya a biya. Yaya ya buga lissafinsa ta waya, ya ce abin da za mu kashe a kwana goma sha biyu a otal zai riƙe mu wata guda a sashen bene mai kayan ɗaki, irin wanda mutanen nan suke kira shaƙƙa mafrusha. Saboda haka da ƙarfe tara Ustaz, wani ƙanenmu da ke karatu a nan garin, ya zo ya ɗauke ni zuwa neman gida, muka bar Hajiya da carbinta da ruwan zafi a filas.

Shaƙƙa ta farko ita ce wadda na yi wa alama a intanet tun muna gida, na kuma yi ta nuna wa Auta hotunanta ina yabon labulaye. Gani ya kori ji. Labulayen suna nan yadda suke a hoto, amma da na yaye su sai na ga tagar ba waje take kallo ba, wani dogon rami ne mai duhu a tsakiyar ginin, wanda suke kira manwar, inda bututun kowane hawa yake bi. Hawa na biyar ne, kuma lif ɗin ba ya motsi sai da wani ɗan maɓalli da aka raba wa waɗanda suka biya kuɗin gyaransa, mai gidan kuwa ba ya cikinsu. Ba mu yi minti goma ba muka sauko.

Ta biyu ita ce zaɓin Ustaz, a Hayyul Ashir da ke Madinatu Nasr, bene biyu tsakaninta da nasu. Dole in faɗi gaskiya, raina ya kwanta da wurin tun daga bakin ƙofa. A kan matakala muka yi kiciɓis da wata baiwar Allah 'yar Damagaram, ta gaishe ni da Hausa, ta tambayi mai jiki tun ban ce mata komai ba, domin labarin zuwanmu ya riga mu isa. Unguwa ce ta ɗaliban Azhar da iyalansu, ga 'yan Sudan ga 'yan Somaliya ga namu, kuma kuɗin hayar bai kai rabin na tsakiyar gari ba. Matar Ustaz ta ce ita da maƙwabtanta za su riƙa karɓa-karɓa wajen zama da Hajiya duk ranar da zan fita. Amma hawa na uku ne, babu lif ko na ado, na kuma ƙirga matakalar da bakina tun daga ƙasa har sama, guda 54. Da muka kama hanyar asibiti na duba agogo: daga can gabashin gari zuwa Muhandisin, wadda take hayin Kogin Nilu ta ɓangaren Giza, mun ci awa ɗaya da minti 20, mafi yawansu a tsaye a kan Gadar 6 ga Oktoba, mota na shaƙar hayaƙin mota. Na ƙiyasta tsohuwa da sabon ɗinki a gwiwa, ƙafar da ba ta lanƙwasuwa, a kujerar bayan tasi, zuwa da dawowa sau uku a mako, sannan a ɗaga ta matakala 54. Na ce wa Ustaz ya yi haƙuri. Bai yi musu ba, ya dai yi shiru irin na wanda yake da magana.

Ta uku dillali ne ya kai mu, simsar a bakinsu, a wani layi da ke bayan titin Jami'atud Duwalil Arabiyya, ba nisa da Masallacin Mustafa Mahmud. Matakala uku ce kawai kafin a kai ga lif, lif ɗin kuma yana da faɗin da keken marasa lafiya zai shiga, har yana karanto addu'ar hawa abin hawa da zarar an rufe ƙofa, abin da ya sa na yi dariya ni kaɗai. A nan na nuna ƙwarewar da ban san ina da ita ba. Na buɗe kowane famfo don in ga ƙarfin ruwa, tunda a benayen nan inji ne yake tura shi sama. Na kunna hitar banɗaki na tsaya har ruwan ya yi zafi, domin sanyin Janairu a garin nan cikin ɗaki yake kwana, ƙasa duk tayil, gidajen kuma don zafi aka gina su. Na zauna a kan gado don in auna tsayinsa, na duba ko akwai dakali a ƙofar wurin wanka, na buɗe firji na sunsuna, na kunna kan murhu huɗu ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi mitar wuta, aka ce ta kati ce irin tamu, sai na sa aka rubuta abin da ya rage a cikinta.

Ciniki ya ɗan yi tsami. Mai gidan ya fara da dala, yana cewa tun watan Maris na 2024 da aka saki farashin fam, kuɗin Masar, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50, ba wanda yake son ya ƙulla magana da kuɗin da ke narkewa. Na ce masa ta bakin Ustaz, in narkewar kuɗi ce to ya zo ya ga naira. Sa'armu ɗaya ita ce lokacin sanyi ne, domin da bazara Larabawan yankin Gulf suke cika unguwar, haya ta yi tashin gwauron zabi. Da ɗan gari akan ci gari: Ustaz ya ja, ya saki, ya miƙe kamar zai tafi, har aka tsaya a kan fam. Na biya wata guda, da kuɗin ajiya da suke kira ta'amin wanda za a mayar in ba mu fasa komai ba, da la'adar dillali, da ɗan abin da ake ba bawwab, wato mai gadin da yake zaune da iyalinsa a ƙasan benen. Aka rubuta yarjejeniya, aka ɗauki hoton fasfo ɗinmu domin mai gida ya sanar da 'yan sanda cewa ya saukar da baƙi, na kuma ɗauki hoton kowane kofi da cokali. Tafiyar minti bakwai ce a mota zuwa asibiti.

Na shigo otal ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa. Na zauna a gaban Hajiya na fara jero mata: ga lif, ga ruwan zafi, ga kicin, gobe war haka tuwo za ki ci da miyar kuka. Tana saurare tana jan carbi, har na kai aya. Sai ta ce, "Su wa ke zaune a wurin?" Na ce Misirawa ne mana, Hajiya. Ta ce, "Kin gaisa da su?" Na ce ban ga kowa ba, ƙofofi duk a rufe suke. Ta ce, "Can wajen yaron nan fa?" Na ba ta labarin matakala 54 da gadar da ba ta motsi, na ƙara da cewa likita ma ba zai yarda ba, duk da ban tambaye shi ba. Ta gyaɗa kai, ta gyara mayafinta, ta ce, "To, Allah ya yi albarka. Gwiwa kika nema wa gida."

Ba da faɗa ta faɗe ta ba, kuma ba ta ƙara komai a kai ba, ta miƙa hannu in taimaka mata ta je alwala. Da faɗa ta yi da na samu abin cewa, domin hujjojina suna nan, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban ga inda lissafina ya karkace ba. Gwiwar ce ta kawo mu, ita za a yanka, ita za a yi wa gashi. Amma da na sake bin lissafin a hankali sai na ga wani gefe da ban taɓa ba: zuwa asibiti bai wuce awa biyu ba, sau uku a mako, sauran sa'o'in duka a cikin shaƙƙar nan za ta yi su, a hawa na huɗu, ba ta jin abin da talabijin ke cewa, ba mai ɗaga labule ya ce salamu alaikum. Wannan kuwa mata ce da ƙofar ɗakinta ba ta rufuwa daga hantsi har dare, wadda matan layinmu suke kawo wa ƙarar mazajensu da ta surukansu, wadda in aka yi kwana biyu ba a yi baƙo ba sai ta ce gidan ya yi mata faɗi. Na gwada famfo, na sunsuna firji, na ƙirga cokula, amma bai zo mini ba in ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tamu. Ina zaton abin da Ustaz ya haɗiye a mota ke nan, domin Larabawan da yake karatu a wurinsu su ne masu cewa a nemi maƙwabci kafin gida, kunya ce ta hana shi tuna wa babbar yayarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ban tambaye ta ba. Tun daga Kano nake yanke komai a madadinta, daga kujerar jirgi har zuwa abin da za ta ci, ina ganin hakan shi ne kula. Mai yiwuwa da na shimfiɗa mata zaɓin biyu da ta ce a bi na kusa da asibitin, don ba ta son wahalar da kowa, amma da ya zama ita ta zaɓa.

Yaya ya kira bayan isha'i, ya ce na yi daidai, kada in sa wa kaina damuwa, Hajiya za ta saba. Shi da yake Kano. Auta kuma ta turo saƙo tana tambayar ko labulayen nan na hoto ne muka samu, ban ba ta amsa ba.

Ɗazu na tashi in haɗa kaya saboda ƙaurar gobe, na buɗe ƙaramar jakar Hajiya, wadda na yi ta mita a kan nauyinta a filin jirgin Malam Aminu Kano har na ce a rage, ta ce a bar mata kayanta. A ƙarƙashin zannuwanta na tarar da ƙulli bakwai a farar leda, kowanne da turaren wuta da dambun nama da 'yar kwalbar humra, an ɗaure su tsaf iri ɗaya. Ba na likita ba ne, nasa daban yake, ta nuna mini shi tun a gida. Na gidan Ustaz ma an riga an kai. Na daɗe a tsugune kafin in gane cewa tsarabar maƙwabta ce, ta ƙulla ta tun ba ta san a wace unguwa za ta sauka ba.

Ƙofa huɗu ce a hawan namu, ɗaya tamu, saura uku. Na mayar da ƙullin yadda na same su, na tura wa matar Ustaz saƙo ina roƙon ta zo ranar Juma'a da 'yar Damagaram ɗin nan, ni zan biya kuɗin mota zuwa da komawa. Ba ta buɗe ba tukuna. Gobe in mun isa zan fara da matar bawwab, na gan ta ɗazu tana tsinke ganyen mulukiya a bakin ƙofa, lalo ne sak irin namu, kuma Hajiya ta san abin da ake yi da lalo ko da babu harshe.