Kwana huɗu ina wanke-wanke a sansanin masu zama tsirara

Wannan labarin ban taɓa ba mutanen gida shi gaba ɗaya ba, Yayana kaɗai ya sani, shi ma sai da ya gama dariyarsa har da tari sannan ya ce kai ƙane Allah ya ƙara, gobe ka sake sa hannu a takardar da ba ka karanta ba.

Ina shekara ta biyu da karatu a birnin Bordo na Faransa lokacin. Ɗalibi baƙo a Faransa doka ta ba shi damar aiki awa 964 a shekara, to mu da ba ƴaƴan wani ba ne kowace awa muna lissafe da ita, kuɗin ɗaki ba ya jira. A watan Mayu akwai wani hutunsu na Kirista da kullum ranar Alhamis yake faɗowa, sai su haɗe da Juma'a su kira shi gada, gari ya watse kowa ya nufi bakin teku. Matar ofishin da ke nema mana aikin wucin gadi ta kira ni ta ce akwai wanke-wanke da ɗaukar faranti kwana huɗu, ga wurin kwana ga abinci. A takardar na ga an rubuta naturiste, ni kuma da faransancina na lakkwal ɗin Maraɗi na ɗauka ai masu son itatuwa da tsuntsaye ne, irin masu kare muhallin nan. Na sa hannu ko tambaya ban yi ba.

Jirgin ƙasa ya sauke ni a Lesparre, na hau bas muka ratsa dajin itatuwan nan dogaye har gaɓar Atilantika. Ina shiga ƙofa wani dattijo ya wuce ni a kan keke, hula a kai, takalmi a ƙafa, burodi a kwando, shi ke nan kayan jikinsa. Har da gaishe ni. Wallahi sai da na ja innalillahi a fili. Bas na ƙarshe ya riga ya koma, aljihuna kuma ko kuɗin tasi babu.

Abin da ya ɗan kwantar min da hankali shi ne mu ma'aikatan kicin da kayanmu muke aiki. Wani dattijo ɗan Mali da ke dafa abinci a wurin, Baba muke ce masa, shi ya ba ni labari cewa wannan yankin ne cibiyar abun, a Montalivet nan kusa aka buɗe babban sansaninsu tun 1950, a can kuma aka kafa ƙungiyarsu ta duniya a 1953. Yawancin baƙin ma Jamusawa ne da mutanen Holan, kuma akasari tsofaffi ne masu fansho. Suna da dokokinsu da ba sa wasa da su: ba mai zama kan kujera sai ya shimfiɗa tawul ɗinsa, ba a ɗaukar hoton kowa, wanda ya fiye ƙura wa mutane ido sai a raka shi ƙofa. Da yamma kuwa in iskar teku ta taso sai ka ga kowa ya zura rigar sanyi, aƙidar ta tafi hutu.

Inda na sha wuya shi ne wajen kai abinci tebur. Mu a gida an tarbiyyantar da mu in kana gaban babba ka sunkuyar da kai, kallon dattijo cikin ido rashin kunya ne. To a nan fa sunkuyar da kan shi ne masifar, don duk abin da kake gudu yana ƙasa. Ranar farko sai na koma kallon rufin ɗaki ina tafiya kamar makaho, na yi tuntuɓe da ƙafar kujera, kofuna shida suka tarwatse a ƙasa. Madam mai kula da wurin ba ta yi faɗa ba, ta ja ni gefe ta ce ka kalli fuska, fuska kawai, daga wuya zuwa sama. Baba ya ƙara da nasa a kicin, ya ce ɗana idon naka ne ba nasu ba, kai za ka ja masa linzami.

Maganar nan ta zauna min. Ayar runtse ido ta Suratun Nur tun ina makarantar allo na haddace ta, amma a Bordo kullum laifin titi nake gani da shigar mutane, ashe ban taɓa horar da idon da gaske ba sai da na faɗa inda babu wata mafaka. Zuwa ranar Asabar na iya, ina karɓar oda ina kallon gira da tabarau, har na fara gane wa ke son kofi ba sukari. Salla kuma bayan sito nake yi, kan kwali, ƙarƙashin itatuwan, ba wanda ya taɓa ce min uffan.

Kar wani ya ce na dawo ina yabon abun, a'a, har gobe raina bai karɓe shi ba kuma ba wurin da zan kai ƙafata da sanina ba ne. Sai dai ƙarya ne in ce an wulaƙanta ni, kuɗina ma cif aka biya.

A watan Yuli matar ofishin ta sake kirana wai suna nemana wata biyu, kuɗin da kauri. Na ce mata a'a Madam na gode, a duba min wani. Ta samo min lodin kwalaye a wani sito a bayan gari, kafin in sa hannu na karanta takardar layi-layi da ƙamus a wayata, sannan na tambaye ta, mutanen wurin dai da kayansu suke ko? Sai da ta ajiye biro don dariya.